Yadda Aka Yi Kwamfuta Ta Fara Cewa Zafinta Ya Kai 127

Duk wanda ya taɓa buɗe manhajar duba zafi irin HWMonitor ko SpeedFan ya san wannan faɗuwar gaban. Layi ɗaya ya ce digiri 38, na ƙasansa ya ce 127, wani ma -128, sanyin da ko a Antatika ba a taɓa auna irinsa ba. Ga kwamfutar kuma tana aikinta lafiya lau.

Maganar ta faro ne a shekarun 1990. Kafin nan ba a cika damuwa da zafin furosesa ba, yawancin 386 ko fanka babu a kansu. Da Pentium ta zo a 1993, cin wuta ya ƙaru, zafi ya biyo baya. Kamfanin National Semiconductor na Amurka ya fito da ƙananan aisi: LM75 mai auna zafi kawai, da LM78 mai haɗawa da ƙarfin wuta da gudun fanka. Daga sunansu manhajar lm_sensors ta Linux ta samo nata.

Sai kamfanonin Taiwan irin su Winbond da ITE, daga baya Nuvoton da ta fita daga Winbond a 2008, suka cusa aikin awon cikin aisin da ake kira Super I/O, wanda dama shi ke kula da kibod da fulofi da mashigar firinta. A nan gizo ke saƙa. Aisin na da ƙafafu da dama na karɓar awo, masu sunaye irin SYSTIN, CPUTIN da AUXTIN. Mai ƙera madabod in ya ga dama ya jona biyu, ya bar sauran a sake, kuma ba lallai ya gaya wa kowa ba. Manhaja ba ta da idon ganin waya, duk ƙafar da ta tarar karantawa take. Adadin kuwa cikin bit takwas ake ajiye shi, wanda iyakarsa daga -128 ne zuwa 127, shi ya sa ƙafar da ke lilo kan faɗa ɗaya daga cikin iyakokin nan. Wani lokaci an jona ma'aunin, amma manhajar ta ɗauki tamista a matsayin dayod, lissafin ya karkace. Marubutan manhaja irin su Alex van Kaam mai Motherboard Monitor sun sha bin madabod ɗaya bayan ɗaya suna gano wace ƙafa ce ta me, har ya ajiye aikin a 2004.

An zaci shigar da ma'aunin cikin furosesa zai kashe rikicin. Ina! Wanda Intel ta sa a jerin Core a 2006 ba zafi yake faɗa ba, tazarar da ta rage a kai iyakar da ake kira TjMax yake faɗa. A zamanin Core 2 furosesa ba ta bayyana wannan iyakar, sai kowace manhaja ta yi nata hasashen, Core Temp da Real Temp suka riƙa saɓawa a kan kwamfuta guda. AMD kuma da gangan ta ƙara digiri 20 a awon Ryzen 7 1700X da 1800X a 2017 domin fanka ta tashi da wuri. Dabarar ba laifi, sai dai masu saye da yawa sun ɗauka kayansu na ƙonewa.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne 27.8. Tsarin ACPI na lissafa zafi da kashi ɗaya cikin goma na Kelvin, wasu masu rubuta BIOS da ba su jona ma'auni ba sukan cike gurbin da 3010, wato digiri 27.8. Ka kunna kwamfutar a ɗakin kwano a Sakkwato cikin Afrilu, gumi na tsiyaya, layin nan ko gezau, yana nan a 27.8 ɗinsa.