Tulu da Littafi: Yadda Matan Zumunta Suka Hausantar da Waƙar Majami'a

A unguwarmu ta Maraɗi, duk ranar Laraba bayan la'asar, akwai wani sauti da maƙwabta suka saba da shi kamar yadda suka saba da dakan safe. Mata ne wajen 20 zaune kan benci a farfajiyar majami'a. Ɗaya ta rungumi tulu tana buga bakinsa, wata na kaɗa caki, wata tsohuwa na ba da waƙa, sauran na amsawa. Tsohuwar nan kakata ce. Mu "matan zumunta" muke ce musu. A bayan uwata na fara jin amshinsu, tun ban san ma'anar kalma ko ɗaya ba.

Abin da ya sa ni wannan rubutu, wata ƙawata ce a jami'a ta ji ina sauraren su a salula, ta ce: "Wai ashe da Hausa kuke yi? Ni na ɗauka da Faransanci ne." Ban ga laifinta ba. Ƙidayar 2012 ta nuna Kirista a Nijar ba su kai 1 cikin 100 ba, kuma yawancin waɗanda ake gani a manyan birane baƙi ne daga ƙasashen gaɓar teku. To amma akwai Hausawa Kirista a Tsibiri, Maraɗi, Galmi da Damagaram tun zamanin kakanni, kuma waƙarsu tana da tarihi. Abin da nake so in nuna shi ne: Turawan mishan kalmomi suka fassara, mata ne suka sa waƙar ta zama Hausa a kunne.

Yadda littafi ya iso

An kafa ƙungiyar mishan ta SIM a 1893, lokacin da wasu samari uku, Rowland Bingham da Walter Gowans da Thomas Kent, suka sauka Legas da niyyar shiga ƙasar Sudan. Biyu sun mutu cikin shekara guda, Bingham ne ya rayu ya ci gaba. Aikinsu ya yi ƙarfi a arewacin Najeriya kafin su ƙetaro iyaka su zauna Damagaram a 1924, bayan ƴan shekaru kuma su buɗe tasha a Tsibiri, kusa da Maraɗi. Asibitin Galmi ya biyo baya a 1950.

Waɗannan Turawa masu Ingilishi ne, daga Kanada, Amurka da Ingila. Faransancinsu bai taka kara ya karya ba, kuma gwamnatin Faransa ba ta sake jiki da su ba. Abin da suke da shi a hannu Hausa ce, wadda suka koyo a Najeriya. Saboda haka tun farko sujada da Hausa aka yi ta. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausar boko, aikin da likita Walter Miller na mishan ɗin Zariya ya yi fice a cikinsa. Tare da shi aka riƙa kawo Littafin Waƙoƙi, wanda har gobe yana hannun kowane dattijon majami'a. Yawancin abin da ke ciki waƙoƙin Ingila da Amurka ne aka mayar da kalmominsu Hausa, aka bar muryarsu yadda take.

Inda gizo ke saƙa

A nan ne ɗalibar ilimin harshe take da abin faɗa. Hausa harshe ne mai karin sauti da tsawon wasali, kuma duka biyu suna canza ma'ana. Ku faɗi "gado" na kwanciya, sannan ku faɗi "gado" na dukiyar mamaci. Rubutu ɗaya ne, amma a na biyun wasalin farko dogo ne, murya kuma ta faɗi a ƙarshe. Haka "wuya" na jiki da "wuya" ta wahala. To a ce muryar waƙar Turawa ta gajarta gaɓar farko ta ɗaga ta biyu, mai waƙa na nufin gādon da aka yi wa masu bi alkawari, kunne kuwa na jin gadon kwana.

Ga wanda ya fi wannan. "Ya zo" kala uku ne a baki. In ka ja wasalin da murya sama, zuwan ya riga ya faru. In ka gajarta shi da murya ƙasa, roƙo ne ko umurni. In murya ta taso sama ta faɗo, zuwan yana gaba. Ga mai addinin da ya ginu kan cewa Almasihu ya riga ya zo, zai kuma sake zuwa, ana kuma roƙon ya zo, wannan bambanci ba ƙarami ba ne. Rubutun boko bai nuna shi, muryar baƙuwar waƙa kuma tana iya shafe shi.

Ba ina cewa waƙar Hausa tana bin karin sautin magana sau da ƙafa ba ne. Mawaƙanmu ma suna lanƙwasa shi. Amma akwai abin da ba su wasa da shi, wato nauyin gaɓa. Masana irin su Russell Schuh sun nuna cewa karin waƙar Hausa, ta baka da rubutacciya, a kan jerin gaɓa mai nauyi da maras nauyi yake tafiya. Waƙar Ingilishi kuwa a kan inda ake danna murya take tafiya. Mai fassara ya ƙirga gaɓoɓi ya ga sun yi daidai da muryar, ya ce aiki ya yi. Bai auna nauyinsu ba. Shi ya sa in ana rera wasu waƙoƙin littafi za ka ji an ja gajeren wasali kamar igiyar guga, an kuma haɗiye dogo. Mun saba, muna son su, da su aka binne kakanninmu. Amma Bahaushen da ya biyo ta bakin taga zai ji kalmomin nasa ne, tafiyar ba tasa ba ce.

Abin da mata suka shigo da shi

Ƴan mishan na farko ba su yarda da ganga da rawa a sujada ba. A ganinsu kiɗa na bori ne da na roƙo da na dandali. Dattawan farko da suka bi su ma sun riƙe haka da ƙarfi, don su ne suka san abin da suka baro.

Zumuntar Mata ta faro ne a majami'un mishan na arewacin Najeriya tun zamanin mulkin mallaka, kuma ba don waƙa aka kafa ta ba. Taro ne na tsakiyar mako: a koyi karatu, a haddace aya, a yi addu'a, a koyi kiwon yara da ɗinki, a je gaida maras lafiya da mai jego da mai takaba. Amma ga matsala. Littafin Waƙoƙi sai mai karatu, mata da yawa kuwa ba su shiga lakkwal ba. Ta yaya mace 30 da ba su karatu za su riƙe labarin Yusufu da ƴan uwansa, ko misalin ɗan da ya ɓace? Sai suka koma ga abin da kowace ta iya tun tana budurwa: ɗaya ta bayar, sauran su amsa. Haka ake waƙar gaɗa, haka ake ta kai amarya, haka ake ta daka. Mai bayarwa ce kaɗai ke buƙatar sanin labarin, sauran amshi gajere ya ishe su, kuma in an maimaita shi sau goma ya zauna.

Kayan kiɗan ma ku duba su: tulu, ƙwarya, caki, shantu, wani lokaci ƙarfen da ake bugawa. Kusan duka kayan tsakar gida ne. Babu mai cewa tulun ruwa na bori ne, kuma ba kayan maroƙa ba ne da za a ce mace ta zubar da girma. A ganina ta wannan ƙofa kiɗa ya shiga majami'a: ya fara daga taron mata inda ba a sa ido sosai, ya kai ga ranar suna da ɗaurin aure, daga nan ya samu wuri a sujadar Lahadi. Ƙofar ta ƙara buɗewa da ragama ta koma hannun ƴan ƙasa, lokacin da aka kafa ekklesiyar ECWA a Najeriya a 1954, da EERN a Nijar wajen samun mulkin kai. A ɓangaren Katolika kuma, babban taron Batikan na 1962 zuwa 1965 ne ya ba harsunan gida wuri a inda Latin ya daɗe yana zaune.

Da yake waɗannan waƙoƙi da Hausa aka haife su, murya da kalma tare suka fito. Dogon wasali ya samu tsawonsa, gajere ya wuce da sauri. Na taɓa tambayar kakata yadda take yin sabuwa. Ta ce: "Ke kishiya, mi ne na tambaya? Aya nika ji ran Lahadi, in tahi gida ina daka ina hwaɗinta, ina hwaɗinta, har ta ɗauki murya da kanta. Ta littahi aro munka yi, wagga ko tamu ce." Abin da muke zama aji muna zanawa da alamomi, ita a bakin turmi ta gano shi.

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a ƙasar Hausa. Nana Asma'u ƴar Shehu Usmanu, wadda ta rasu a 1864, ta tsara waƙoƙin koyar da addini, ta naɗa jajis suna kai su ƙauyuka ga matan da ake kira ƴan taru. Ba ina cewa matan zumunta daga gare ta suka koya ba. Addini biyu ne daban, zamani biyu daban. Amma matsala ɗaya suka tarar, wato mata masu son ilimi da littafi bai kai gare su ba, kuma duka biyu waƙa suka ɗauka.

Waƙa ba ta san iyaka ba

Yawancin waƙoƙin zumunta da ake yi a Nijar daga kudu suka hauro: ta bakin matan fastoci da suka yi makarantar Littafi Mai Tsarki a Najeriya, ta manyan tarurrukan mata, ta kasat, yau kuma ta WhatsApp. Abin sha'awa, da yawa daga masu tsara su a Filato, Adamawa, Gombe da kudancin Kaduna ba Hausa ce harshen uwarsu ba. Birom ne, Angas, Bura, Margi, Bacama, Tangale, waɗanda Hausa ta zama musu harshen kasuwa da na sujada. Hausarsu takan sauke bambancin jinsi, takan mayar da ƙ ta zama k, ɗ ta zama d. Ko sunan ƙungiyar ma za ka ji "zumuntan mata" ko "zumunta mata", alhali zumunta mace ce.

In irin wannan waƙa ta iso Maraɗi, na sha gani da idona, ba a mako biyu sai ta sake kama. Ba wanda ya zauna ya ce a gyara. Bakin tsofaffi ne kawai bai iya faɗin "ya" inda "ta" ta dace. Sai ka ji "suka" ta koma "sunka", "wannan" ta koma "wanga". Wasu kalmomin kuma ba a taɓa su: ekklesiya, bishara, sujada, baiko, ceto. A cikin waƙa guda kana iya jin "Yesu Kristi" na tsofaffin littattafai da "Yesu Almasihu" da aka fi ji yanzu. Waƙa ɗaya, in ka iya sauraro, tana gaya maka garuruwan da ta ratsa.

Abin da ke iya ɓacewa

Ranar 16 ga Janairun 2015 a Damagaram, da washegari a Yamai, zanga-zangar nuna fushi kan zanen jaridar Charlie Hebdo ta juye tarzoma. Mutum 10 suka rasu, majami'u fiye da 40 suka ƙone. Ba na kawo wannan don tada tsohon miki ba, kuma ba zan manta cewa maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye iyalai da yawa a gidajensu ba. Na kawo shi ne don goggona da ke Damagaram. Tana da kaye guda biyu da ta cika da waƙoƙin zumunta cikin shekaru masu yawa, tana ajiye su a akwatin majami'a. Sun tafi tare da benci da littattafai. Littafin Waƙoƙi an sayo sabo, tunda bugagge ne. Na kaye kuwa sai da mata suka zauna suna tunawa, wannan ta kawo baiti, waccan ta kawo amshi. Wasu sun dawo. Wasu kuma wadda ta san su ta riga ta rasu.

Ko ba gobara, akwai mai ci a hankali. Matasanmu sun fi son piyano da gita da waƙar Faransanci ko ta Ingilishi, ba laifi ba ne. Amma tsofaffin masu bayarwa suna ƙarewa, kuma waƙar littafi ce ke da lamba da shafi, tasu ba ta da ko sunan mai ita.

Ƴan uwa ɗalibai, wannan kaya na Hausa ne, ko mai sauraro yana shiga majami'a ko masallaci. Muna zuwa neman waƙoƙin niƙa da na gaɗa don rubuta kundin kammala karatu, muna wuce wannan a bakin hanya. Duk mai kaka ko inna a zumunta, ya nemi izininta ya ɗauki muryarta a salula. Ya rubuta kalmomin da karin harshenta, kada ya gyara mata zuwa Kananci. Ya sa alamar tsawon wasali da karin sauti, ya tambaye ta daga wa ta koya, a wane gari, a wane taro. Ni na fara da hutun da ya wuce, na samu 14 daga bakin kakata. Ta ce saura da yawa, amma sai na sayo mata goro in na dawo.