Awon Kakana Da Tarihin Bindigar Toka

Idan ka taɓa hawa Ɗa'if lokacin biki, wataƙila ka ga wasan da mutanen Hijaz ke kira ta'ashir. Saurayi zai ɗura wa tsohuwar bindiga albarushi zalla, babu harsashi, ya juya bakinta ƙasa, ya daka tsalle, ya saki wuta ƙarƙashin ƙafafunsa. Ranar da na fara gani, kowa na kallon mai tsallen, ni kuwa idona na kan wani dattijo a gefe da ke auna musu albarushin. Har muka sauko Jidda, na shiga ɗakina a Sa'alaba, ban daina tuna kakana ba.

Kakana maharbi ne a wani ƙauye na ƙasar Katsina. Ina 'yar shekara tara nake zama gefensa in ga yadda yake ɗura adakarsa. Zai zuba albarushi daga ƙaho, ya tura tsumma, ya sa dalma, ya sake tura tsumma, sannan ya zira sandar ɗuri ya danna. To, a nan abin yake. Ba ya zare sandar sai ya jera yatsunsa a kan abin da ya yi saura a waje. Ya san inda sandar ke tsayawa in cikin bindiga babu komai, ya san inda ya kamata ta tsaya in ɗurin ya yi daidai. In ta ɗago fiye da haka, ko dai kaya sun yi yawa, ko dalma ba ta zauna a kan albarushi ba, ko kuma an manta an yi ɗuri kan ɗuri. Kowanne daga ciki na iya fasa bindiga a hannun mai ita.

Wata rana na ce, "Kaka, kullum sai ka auna? Ai ka riga ka sani." Ya ce, "Amarya, ranar da na ce na sani, ranar za ki yi takaba."

Wannan awon yatsa yana da tarihi mai tsawo, kuma ina so ka san shi, musamman kai da aka haifa a nan ba ka taɓa jin ƙarar 'yan bindigar sarki ranar hawan salla ba.

Fara da sunayen. Kai da ke jin Larabci za ka gane su nan take: bindiga daga bunduƙiyya, albarushi daga barud, harsashi daga rasas, wato dalma. Sunayen da kansu sun nuna hanyar da kayan suka fara biyowa, ta arewa da gabas. A ƙarshen ƙarni na 16, Mai Idris Aloma na Borno, wanda ya yi aikin hajji, ya samo Turkawa masu harbi suka koya wa mayaƙansa. Limaminsa Ahmad ɗan Fartuwa ya rubuta labarin yaƙe-yaƙensa. A Kano kuwa, littafin tarihin sarakunan birnin ya ce a zamanin Kumbari, 1731 zuwa 1743, aka shigo da bindigogi daga Nupe, kuma Babba Zaki, 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga masu tsaron sarki. Ta Nupe ɗin nan hanya ce ta biyu, wadda ta taso daga bakin teku, inda Turawa ke sauke doguwar bindiga mai ƙyastu suna karɓar bayi da zinariya. Har yau a Turancin Najeriya da Gana da sunan mutanen Denmak ake kiranta, saboda cinikin da suka yi a gaɓar Ankara.

Kada ka ɗauka da zuwanta ta kori baka da mashi. A 1826 Baturen nan Kilafatan ya bi rundunar Sarkin Musulmi Bello zuwa yaƙin Gobir, ya tarar da dubban mayaƙa, amma bindigogin da ya ƙirga ba su kai hamsin ba. Dalili a fili yake. Kafin mai bindiga ya gama ɗuri da awo, mai baka ya saki kibiya da yawa. Ga tsadar albarushi, ga shi damina na lalata shi. Wanda ya ɗauki abin da gaske shi ne Sarkin Damagaram Tanimu, wanda ya rasu a 1884. Ya tara maƙera a Zinder suna haɗa albarushi suna zuba igwa, har maƙwabtansa suka shiga taitayinsu.

Amma a daidai lokacin da namu ke ƙware wa a ɗuri ta baki, a Turai an riga an wuce wurin. Sun haɗa albarushi da dalma da abin tayar da wuta cikin kwanso guda na tagulla, ana sa shi ta bayan bindiga. Awon da kakana ke yi da yatsa ya koma masana'anta, inji ke yanke yawan albarushi da zurfin da kan harsashi zai nutse cikin kwanso. A 1884 wani Bafaranshe, Paul Vieille, ya fito da albarushi marar hayaƙi, wanda ya fi na da ƙarfi nesa ba kusa ba. Sai a 1890 ƙasashen Turai suka zauna a Burasal suka hana sayar wa yawancin Afirka bindigar zamani, suka bar mana ta ƙyastu da baƙin albarushi. Ka ga an raba gari tun kafin a hau fage.

Sauran labarin ka san shi, ko da ba ka san kwanakin ba. Kano ta faɗi ranar 3 ga Fabrairu 1903, Sakkwato ranar 15 ga Maris. Ranar 27 ga Yuli aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi, yana kan hanyar hijira zuwa gabas. Waɗanda suka tsira suka ci gaba da tafiya tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno, suka zauna a Sudan bakin kogin Nilu, wasu suka ƙetare Bahar Maliya. A cikin tsofaffin gidajen Hausawan Makka da Jidda akwai waɗanda tafiyar kakanninsu ta faro daga wannan shekara. Ke nan tazarar da ke tsakanin adaka da bindiga mai ruwan harsashi tana cikin dalilan da suka sa wasunmu suke nan.

Abin da ya ba ni mamaki da na girma shi ne, awon bai mutu ba ko a ƙasashen da suka ƙera injin. A Amurka akwai maharba da masu gasar harbi da ke sake ɗura kwanson harsashinsu da hannu a gida. Suna auna zurfin zaman kan harsashi da ma'auni mai raba inci gida dubu, domin in ya nutse da yawa, ko ya fito har ya tokari cikin bututun, matsin wuta na iya wuce abin da ƙarfen zai ɗauka. Suna da littattafai, suna rubuta kowane awo. Tsoron da ya sa kakana jera yatsu, shi ne dai ya sa su riƙe ma'auni.

Ni ma da awo nake cin abinci. Shekara ashirin ina jan magani a sirinji, kuma har gobe sai na ɗaga shi sama na duba layin sau biyu. Kafin in zo ƙasar nan na yi aiki a ɗakin gaggawa na wani asibiti a gida. A can na ga abin da adaka ke yi in ta fashe. Na tuna wani yaro da bai kai ashirin ba, an kawo shi hannun hagu naɗe da rawani. Ƙauyensu aka ba shi bindiga ya yi gadi. Ya ɗura da dare, ya manta, da asuba ya ƙara wani a kai. Yatsu uku muka rasa. Da na tambaye shi wa ya koya masa ɗuri, sai ya ce, "Anti, ai gani na yi ana yi."

Abin da ya sa na rubuta wannan ke nan. Tun da 'yan fashin daji suka addabi Zamfara da Katsina da Sakkwato, bindigar toka ta dawo hannun mutanen ƙauye da yawan da kakana bai taɓa gani ba. Maƙera na ƙera ta da bututun da ba don wuta aka yi shi ba. Wasu na fasa harsashin zamani su juye albarushinsa a ciki, alhali ƙarfen ba zai iya da shi ba. A zamanin kakana yaro kan yi shekaru yana ɗaukar wa maharbi jaka kafin a bar shi ya taɓa sandar ɗuri, kuma akwai sarkin baka da zai tsawata. Yanzu tsoro ya sa an tsallake wannan duka.

Mu da ke nan, mun san kiran da ke zuwa tsakar dare: an shiga ƙauyen maƙwabta, a taimaka da abin da ya sawwaƙa. Ba zan ce maka kada ka tura riyal ɗinka ba, ni ma ina da 'yan'uwa a can, kuma wanda ke kwana cikin sanyin na'ura a Jidda ba shi da bakin yi wa mai kwana a gona wa'azi. Amma in ka ji kuɗin na bindiga ne, ka yi tambaya. Wa zai riƙe ta, shekarunsa nawa? Hukuma ta san da ita, tunda dokar makamai ta 1959 ta ambaci har bindigar toka? Akwai tsohon maharbi da ya rage a garin da zai tsaya a kansa? In amsar ba ta kwanta maka ba, ka ce a sa kuɗin a fitila da waya da kuɗin magani.

Kakana ya rasu da yatsunsa goma cif. Adakar tana nan rataye a ɗakin kawuna, sandar ɗurin a jikinta, ta yi baƙi daidai wurin da yake ɗora hannu. Allah Ya jiƙansa, Ya kawo mana zaman lafiya a gida.