Tarihin Mayar da Motocin Gudu Masu Jan Ƙafa Huɗu

Mayar da motar gudu mai jan ƙafa huɗu aiki ne na ɗaukar motar da aka ƙera injinta yana juya tayoyi biyu kacal, galibi na baya, a sake mata tsarin ƙarƙashi yadda ƙarfin injin zai kai ga tayoyin duka huɗu. Riƙon ƙasa ake nema. Mota mai ƙaƙƙarfan inji in aka taka mata totur a jiƙaƙƙen titi ko a kan tsakuwa, tayoyin baya sai su yi ta juyawa a banza, bayanta ya zame. In kuwa aka raba ƙarfin gida huɗu, kowace taya kaɗan ake ɗora mata, sai ta kama ƙasa. Mafi yawan tarihin wannan aiki a Ingila da Jamus aka yi shi, kuma da dama daga cikin fitattun motocin gudu masu jan ƙafa huɗu sun samo asali ne daga motar ƙafa biyu da wasu injiniyoyi suka yanka suka sake haɗawa.

Matsalar kwana

Tun 1903 kamfanin Spyker na ƙasar Holan ya ƙera motar tsere mai silinda shida da ke jan ƙafa huɗu, wadda har yau tana ajiye a gidan tarihi na Louwman a birnin Hague. A 1932 Bugatti ya gwada da samfurin Type 53, amma sitiyarinta ya yi nauyi ƙwarai, har Jean Bugatti, ɗan mai kamfanin, ya yi haɗari da ita a tseren hawan tudu na Shelsley Walsh a Ingila. Daga nan aka daɗe ana ganin jan ƙafa huɗu na motocin soja ne da na gona.

Dalilin yana wurin shan kwana. Idan mota ta karya kwana, kowace taya da tsawon tafiyarta: ta waje ta fi ta ciki, kamar shanun huɗa in sun zo juyawa a ƙarshen kunya, dole na waje ya ƙara taki. Tsakanin hagu da dama an daɗe da samun magani, wato difarenshal, tarin haƙoran ƙarfen nan da ke cikin aksul, wanda ke barin kowace taya ta juya daidai tafiyarta. Sai dai tayoyin gaba su ma sun fi na baya tafiya a kwana. Tsofaffin motocin jeji kulle gaba da baya suke yi wuri ɗaya, abin da ba ya damuwa a yashi ko taɓo, domin taya na samun damar zamewa. A kan kwalta kuwa ƙarafan sai su ɗaure, motar ta riƙa tsalle-tsalle, taya ta cinye, wani lokaci shaf ya karye. Motar gudu tana bukatar difarenshal na uku a tsakiya, da kuma wata dabara da za ta hana ƙarfin duka ya tsere ta tayar da ta rasa riƙo. Sannan a samar wa duk wannan wuri a ƙarƙashin mota gajera mai ƙasa-ƙasa.

Ferguson da mutanensa

Wanda ya zuba kuɗinsa a kan wannan matsala shi ne Harry Ferguson, mutumin arewacin Ireland da aka haifa a 1884, wanda manomanmu suka san sunansa a jikin taraktar Massey Ferguson. A 1950 aka kafa kamfanin bincike na Harry Ferguson Research, tare da Freddie Dixon da Tony Rolt, dukansu direbobin tsere. Rolt ne ya ci tseren awa 24 na Le Mans a 1953 da motar Jaguar. Burin Ferguson ba tsere ba ne, motar iyali yake so wadda ba za ta zame da mutane a ranar ruwa ba. Da manyan kamfanoni suka yi ta jan ƙafa, sai aka yanke shawarar a nuna musu a fili. Aka ƙera motar tsere ta P99, kuma a watan Satumba 1961 Stirling Moss ya ci gasar Gold Cup da ita a filin Oulton Park, a kan titi mai danshi. Har yau ita kaɗai ce mai jan ƙafa huɗu da ta taɓa cin tseren ajin Formula One. Ferguson bai ga ranar ba, ya rasu a 1960.

Tsarin nasu, da ake kira Ferguson Formula, yana kai kashi 37 cikin 100 na ƙarfin inji gaba, kashi 63 baya, don motar ta riƙe ɗabi'arta ta mai turawa daga baya. Idan ɓangare ɗaya ya fara juyawa fiye da kima, wasu kuloci na ciki sai su kama. Tun da kamfanin ba shi da masana'antar ƙera motoci, aikinsa ya zama sauya motocin wasu. A tsakiyar shekarun 1960 sun mayar da 'yan motocin Ford Mustang, ɗaya tana gidan tarihin motoci na Tampa Bay a Amurka. An yi wa wasu Ford Zephyr kimanin ashirin don 'yan sandan Ingila su gwada. An yi wa Ford Capri, wadda Roger Clark ya riƙa tsere da ita a filayen taɓo a farkon shekarun 1970. Kamfanin Ford ya duba, ya lissafa kuɗin, ya bar maganar.

Jensen kaɗai ya karɓa, ƙaramin kamfani a West Bromwich. A 1966 ya fito da Jensen FF, 'yar'uwar motarsa Interceptor, mai injin Chrysler V8 na lita 6.3. A wannan motar ake ganin irin wahalar aikin ƙuru-ƙuru. Sai da aka ƙara tazarar da ke tsakanin tayoyin gaba da na baya da inci 4 kafin difarenshal na gaba ya sami mazauni. Shi ya sa FF ke da tagogin iska biyu a bayan tayar gaba, Interceptor kuwa ɗaya. Daga bayan giyabos wata sarƙa ke ɗaukar ƙarfi ta miƙa wa farfelar da ta nufi gaba ta gefen hagu na injin, ta cinye wurin ƙafar mai zaman gaba. A Ingila sitiyari a dama yake, saboda haka an iya haƙuri. Amma babu yadda za a mayar da sitiyarin hagu, kuma hakan ya rufe wa motar kasuwar Amurka, inda masu sayen irinta suka fi yawa. An haɗa mata da birkin Dunlop Maxaret mai hana taya kullewa, wanda aka aro daga jiragen sama. Zuwa 1971 guda 320 kacal aka ƙera. A ganina wannan mota ta cancanci girmamawa fiye da yadda ake ba ta, domin abubuwa biyun da ta zo da su sun zama ruwan dare bayan shekaru ashirin zuwa talatin.

A 1969 Lotus da Matra da McLaren duk sun gwada jan ƙafa huɗu a Formula One, maki ɗaya tak aka samu a kakar, don faffaɗan tayoyi da fukafukan da ke danne mota ƙasa sun ba da riƙon ba tare da ƙarin nauyi ba. Rolt bai saki aikin ba. Ya kafa FF Developments a 1971, ya ci gaba da sauya motoci, har da Opel Senator na tawagar sojan Birtaniya da ke sintiri a Jamus ta Gabas. A wurin su Rolt aka inganta wata na'ura mai sauƙi: faya-fayan ƙarfe cikin mai mai kauri na silikon, wanda ke riƙe su da zarar gaba da baya sun bambanta gudu. AMC Eagle ta Amurka ta fito da ita a 1979, daga baya ta bazu ko'ina.

Audi

A hunturun 1976 zuwa 1977 injiniyoyin Audi suna gwajin motoci a ƙanƙarar arewacin Turai, sai Jörg Bensinger ya lura cewa Volkswagen Iltis, wata motar soja mai ƙaramin inji, tana barin manyan motocinsu a baya. Ya kai maganar ga Ferdinand Piëch, shugaban sashen fasaha. A 1977 suka ɗauki Audi 80 suka dasa mata kayan Iltis, kuma a Janairu 1978 motar ta haura tudun Turracher Höhe na Ostiriya cikin ƙanƙara da tayoyin bazara, a gaban manyan kamfanin.

Audi ya yi sa'ar tsarin motarsa. Injin yana tsaye a tsawo a gaban aksul, giyabos na bayansa, ƙarfi kuma dama can gaba yake zuwa. Abin da ya rage a fitar da farfela zuwa baya. Dabarar da ta raba gardama ita ce shaf mai rami a cikin giyabos: ƙarfi ya bi ta jikinsa zuwa difarenshal na tsakiya, rabon tayoyin gaba ya dawo ta wani siririn shaf da ke cikin ramin. Ba sarƙa, ba akwatin gefe, nauyi kaɗan. Quattro ta bayyana a baje kolin Geneva a Maris 1980 da injin silinda biyar mai turbo, ƙarfin doki 200. A 1981 Hannu Mikkola ya ci ralin Sweden da ita, Michèle Mouton kuma ta ci na San Remo, mace ta farko da ta ci zagayen gasar rali ta duniya. Audi ya ɗauki kambun kamfanoni a 1982 da 1984. Lancia 037 da ta ci a 1983 ita ce ta ƙarshe mai jan baya kaɗai da ta samu wannan kambu.

Porsche a Sahara

Porsche 911 injinta a can baya yake, giyabos a gabansa, don haka miƙa farfela zuwa gaba bai yi wuya ba. Tankin mai da wurin kaya da ke hanci su ne sai an matsa. Jacky Ickx, wanda ya ci Paris–Dakar a 1983 da Mercedes, shi ya ja hankalin Porsche ga wannan tsere. Kamfanin ya ɗauki 911 mai lita 3.2, ya ɗaga ta sama, ya ƙarfafa ƙafafunta, ya sa mata jan ƙafa huɗu mai kai kashi 31 gaba, 69 baya, da makullin tsakiya a hannun direba. Aka kira ta 953. A Janairu 1984 guda uku suka tashi daga Paris, suka ratsa Aljeriya, suka shiga Nijar ta hamadar Tenere da Agadas, tafiyar dubban kilomita zuwa Dakar. René Metge da Dominique Lemoyne suka zo na ɗaya, Ickx na shida. Motar gudu ba ta taɓa cin wannan tsere ba kafin nan. A 1986 magajiyarta 959 ta zo ta ɗaya da ta biyu. Rabon 31 da 69 ɗin nan shi ya shiga 911 Carrera 4 da aka fara sayarwa a 1989, shekarar da Nissan ma ya fito da Skyline GT-R samfurin R32, mai tafiya da baya har sai kwamfuta ta ga bukatar tura ƙarfi gaba.

A garejojin yau

Da waɗannan motoci suka tsufa suka fara shiga hannun 'yan gwangwan, aikin ya sauka daga ɗakunan bincike zuwa gareji. Hanyar da aka fi bi ita ce samo motar da ta yi haɗari, irin GT-R ko Subaru ko Audi, a ciro injinta da giyabos da aksul biyu gaba ɗaya. Bakanike zai yanka ƙasan tsohuwar motar ya faɗaɗa ramin da farfela ke bi, ya yi waldar sababbin mazaunai, ya canza ƙafafun gaba da masu karɓar shaf, sau da yawa har kaskon baƙin mai sai an sake shi, domin shaf ɗin gaba ta nan yake son wucewa. Ƙa'ida ɗaya ba a wasa da ita: lissafin haƙoran aksul na gaba da na baya, da kewayen tayoyi, dole su dace da abin da na'urar tsakiya ke tsammani. In sun saɓa, ko a miƙaƙƙen titi na'urar za ta yi ta aiki har ta yi zafi ta ƙone.

Masu kuɗi kan tsallake wannan faci, su gina sabon ƙashin bututun ƙarfe su ɗora tsohon bodi a kai. Haka aka yi wa Hoonicorn ta direban tsere Ken Block, Mustang ta 1965 mai ƙarfin doki 845, wadda ta bayyana a 2014. A 2021 kamfanin Singer tare da Tuthill na Ingila suka nuna wata 911 ta 1990 da aka sake ginawa don jeji da jan ƙafa huɗu.

Ribar a bayyane take wurin tashi daga tsaye da fita daga kwana, amma akwai abin da ake biya. Nauyi yana ƙaruwa, mafi yawansa a hanci. Sitiyari yana rasa sauƙin nan da ake son tsofaffin motoci dominsa. Motar takan so zarcewa gaba a kwana. Mai ma ya ƙaru. Birki kuma bai san an ƙara komai ba, don tun asali ƙafa huɗu yake kamawa, kuma direbobi da yawa sun ruɗu a nan. Motar da ba ta da yawa a duniya, in aka yanka ƙasanta, darajarta a wurin masu tara tsofaffin motoci ta faɗi, kuma da wuya a mayar da ita yadda take. Shi ya sa nake ganin aikin ya fi dacewa da bodin da tsatsa ta riga ta ci.

Hanya mafi sabunta ita ce a bar inji da giyabos yadda suke, a sa injin lantarki a ƙafafun gaba, babu farfela tsakani. Honda NSX ta 2016 da Chevrolet Corvette E-Ray ta 2023 haka suke jan gaba. A tsohuwar mota wannan ya rage yanka, amma sai an nemo wa batir wuri, kuma sai an sami kwamfutar da za ta daidaita injin lantarkin da tsohon injin da aka ƙera tun kafin a fara sa wa motoci kwamfuta.