Jami'ar Jihar Jojiya: Yadda aka yi amfani da alƙaluma wajen rage faɗuwar ɗalibai

Jami'ar Jihar Jojiya da ke birnin Atlanta a Amurka tana cikin jami'o'in da aka fi ambato a duk lokacin da ake batun tsara bayanan ɗalibai da kuma cin moriyarsu.

An kafa ta a shekarar 1913, kuma tun bayan da aka haɗe ta da kwalejin Georgia Perimeter a 2016, yawan ɗalibanta ya kai kimanin dubu 50.

Ba jami'a ce ta 'ya'yan masu hannu da shuni ba. Fiye da rabin ɗalibanta masu neman digirin farko suna karɓar tallafin da gwamnatin tarayya ke bai wa 'ya'yan masu ƙaramin ƙarfi, kuma akasarinsu ba fararen fata ba ne.

A shekarar 2003, kimanin kashi 32 cikin ɗari ne kawai na ɗalibanta ke kammala digirin shekara huɗu a cikin shekara shida. Wato a cikin kowane mutum uku da suka shiga, biyu kan fita hannu rabbana, wasunsu da bashin karatu a wuya.

Zuwa 2017 adadin ya haura kashi 50 cikin ɗari.

Gyaran rumbu kafin a auna

Kowace jami'a tana tara bayanai masu tarin yawa, amma galibi a warwatse suke. Ofishin magatakarda yana da nasa, ofishin kuɗi yana da nasa, haka ma tsangayoyi da sassa.

Sau da yawa ko ma'anar kalma ɗaya takan bambanta. Wanda ofishin magatakarda ya ƙirga a matsayin ɗalibi saboda ya yi rajistar kwasa-kwasai, ofishin kuɗi ba zai ƙirga shi ba sai ya biya.

Abin da ake nufi da tsarin kula da bayanai shi ne a yanke shawara a kan irin waɗannan abubuwa: mece ce ma'anar kowane adadi, wane ofishi ne ke da alhakin ingancinsa, wa aka yarda ya gani, wa aka yarda ya gyara, kuma tsawon wane lokaci za a adana shi.

Aiki ne mai gundura wanda ba a cika yin bikin buɗe shi ba, amma in babu shi, duk wani hasashen da kwamfuta za ta yi gini ne a kan yashi.

Jami'ar Jojiya ta riga ta tattara bayananta a rumbu guda na tsakiya tun kafin ta fara hasashe, lamarin da ya ba ta damar komawa baya ta bi sawun ɗalibai na shekaru da dama.

Alamomi 800

A shekarar 2012 jami'ar ta ƙaddamar da wani tsari mai suna GPS Advising, tare da haɗin gwiwar kamfanin EAB.

An ɗauki bayanan shekara goma, waɗanda suka ƙunshi sakamakon jarrabawa kimanin miliyan biyu da rabi, aka bincika abubuwan da suka sha faruwa ga ɗaliban da daga bisani suka bar karatu.

Daga nan aka fitar da alamomin haɗari kusan 800. Kowane dare kwamfuta tana duba rajistar ɗalibai, idan ta ga alama ko da guda ce, sai ta sanar da mai ba ɗalibin shawara domin ya neme shi cikin kwana biyu.

Wasu alamomin ba su da wuyar ganewa, kamar ɗalibin da ya yi rajistar kwas ɗin da ba ya cikin manhajar digirinsa. Wasu kuwa sun ba malamai mamaki.

Misali, an gano cewa ɗaliban kimiyyar siyasa da suka sami makin A ko B a kwas na farko na fanninsu, kimanin kashi 75 cikin ɗari ne ke kammalawa a kan lokaci. Waɗanda suka sami C kuwa, kimanin kashi 25 ne kawai.

A ƙa'ida makin C ba faɗuwa ba ne, don haka a da babu wanda ke kiran irin wannan ɗalibi. Sai ya yi shekara biyu ko uku yana fama, sannan a ga sunansa ya ɓace.

A fannin jinya ma an ga makamancin haka. Makin lissafi na shekarar farko ya fi kwas ɗin share fagen jinya nuna wanda zai kai ga ƙarshe.

Sai dai kwamfuta ba ta zama da ɗalibi ta ji damuwarsa. Jami'ar ta ɗauki ƙarin masu ba da shawara 42, abin da ya rage nauyin kowanne daga ɗalibai kusan 700 zuwa kimanin 300. Ganawar da alamomin suka haifar ta haura dubu 50 a shekara.

Mutumin da ya jagoranci aikin, Timothy Renick, ba masanin kwamfuta ba ne. Farfesa ne na nazarin addinai.

Bashin da bai taka kara ya karya ba

Haɗa bayanan kuɗi da na jarrabawa ya tona wani abu kuma. Kowane zangon karatu ana cire sunayen ɗalibai kimanin dubu saboda ba su cika kuɗin makaranta ba, kuma da yawansu 'yan ajin ƙarshe ne masu maki mai kyau, waɗanda abin da ake bin su bai wuce 'yan ɗaruruwan daloli ba.

A 2011 aka fara biyan irin wannan giɓi da wani ɗan tallafi, wanda matsakaicinsa ya kai kimanin dala 900. Ɗalibi ba ya cika takardar neman tallafin, jami'ar ce ke gano shi daga bayananta.

A 2016 kuma aka fito da Pounce, wata manhaja mai amsa tambayoyi ta saƙon waya, domin waɗanda aka bai wa gurbi amma suke kasa bayyana saboda cikas na takardu. Adadin irin waɗannan ya ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar a shekarar farko.

Jami'ar ta ce daga baya ɗalibai baƙaƙen fata, da 'yan asalin Latin Amurka, da 'ya'yan talakawa sun kamo sauran ɗalibai wajen kammala karatu.

Suka da tababa

Ba kowa ne ya gamsu da cewa hasashen kwamfuta ne ya kawo wannan sauyi ba. Mafi yawan ƙaruwar da aka samu tun daga 2003 ta auku ne kafin 2012, a lokacin da ake gyara kwasa-kwasan lissafi da kuma haɗa sababbin ɗalibai rukuni-rukuni.

An kuma gwada salon ba da shawara irin wannan a jami'o'i 11 na Amurka tun daga 2016, ta hanyar raba ɗalibai gida biyu da ƙuri'a. A jimlace ba a ga wani bambanci na a zo a gani ba, in ban da a ita Jojiya.

Akwai kuma fargabar cewa tsarin zai riƙa karkatar da 'ya'yan talakawa daga fannoni masu wuya kuma masu albashi mai tsoka zuwa masu sauƙi, tun da hasashen yana dogara ne da abin da ya sami na baya.

A 2021 kafar bincike ta The Markup ta ruwaito cewa wasu jami'o'in da ke amfani da manhajar EAB sun sanya launin fata cikin ma'aunin hasashe, kuma an fi yi wa baƙaƙen fata lambar masu haɗari. Jami'ar Jojiya ta ce ita ba ta sanya launin fata a ma'auninta.

Wani lamari a jami'ar Mount St. Mary's ta jihar Maryland ya nuna yadda za a iya juya akalar bayanai. A 2016 shugabanta ya yi murabus bayan da ta bayyana cewa ya so a yi amfani da tambayoyin da aka yi wa sababbin ɗalibai domin a sallami masu rauni da wuri, alƙaluman jami'ar su yi kyau.

A Amurka, dokar FERPA ta 1974 ce ke kare sirrin bayanan ɗalibai, amma ta bar wa jami'o'i damar amfani da su a cikin gida, har da miƙa su ga kamfanonin da ke yi musu aiki.

A Najeriya, tsarin CAPS da hukumar JAMB ta fito da shi a 2017 ya tattara bayanan bayar da gurabe a wuri guda, sannan dokar kare bayanai ta 2023 ta ɗora wa jami'o'i alhakin abin da suka tara a kan ɗalibansu.

A 2020 Jami'ar Jojiya ta kafa wata cibiya ta ƙasa domin koya wa sauran jami'o'i tsarin nata, aka kuma naɗa Farfesa Renick ya shugabance ta.