Anne Boleyn: Kwana 17 tsakanin gadon sarauta da takobin hauni

A fim na fara sanin Anne Boleyn, kuma sanin bai yi daɗi ba. Fim ɗin shi ne The Other Boleyn Girl na darakta Justin Chadwick, wanda ya fito a 2008, inda Natalie Portman ta fito a matsayin Anne, Scarlett Johansson ta fito a 'yar'uwarta Mary, shi kuma Eric Bana ya hau Sarki Henry na Takwas na Ingila. Da na gama kallo sai na ce a raina wannan mata ita ta jawo wa kanta: ta ƙwace wa 'yar'uwarta saurayi, ta fitar da uwargida daga ɗakinta, har ta nemi ɗan'uwanta uwa ɗaya uba ɗaya da lalata don ta samu ciki. Bayan wani lokaci sai na kalli wani tsohon fim na 1969, Anne of the Thousand Days, wanda Geneviève Bujold da Richard Burton suka fito a ciki. A nan kuma sai ga wata mace daban, jaruma mai ji da kanta, wadda ta zaɓi a sare mata kai da a shegantar mata da 'ya. Suna ɗaya, miji ɗaya, mutuwa ɗaya, amma mata biyu. To wacce ce ta gaskiya?

Wannan tambaya ce ta kai ni ga littafin The Lady in the Tower na Alison Weir, wanda aka buga a 2009. Weir marubuciyar tarihi ce 'yar Ingila mai rubutu don kowa da kowa, kuma tun a 1991 ta yi littafi guda a kan matan Henry su shida. A wannan karon sai ta bar rayuwar Anne gaba ɗaya ta tsaya a kan watanni huɗun ƙarshe, daga Janairu zuwa Mayun 1536, tana bin su kusan rana bayan rana. Da mu 'yan kallo ne sai mu ce ta rage gudun hoton, don a ga hannun kowa a lokacin da abin ke faruwa.

Yadda ta shigo gidan

Henry ya auri Catherine, 'yar sarkin Sifen, a 1509. Da ma matar yayansa Arthur ce, wanda ya rasu a 1502. Ta yi haihuwa da ɓari da dama, amma 'ya ɗaya ce ta rayu, wato Mary, wadda aka haifa a 1516. Shi kuwa Henry namiji yake nema, domin mahaifinsa da yaƙi ya ci sarauta a 1485, kuma yana tsoron idan ya mutu babu magaji namiji ƙasar za ta koma yaƙin basasa.

Ana cikin haka Anne ta dawo daga Faransa, inda ta yi shekaru kusan bakwai tana hidima a fadar sarauniyar can. Ta iya Faransanci, ta iya ado, ta iya zance, ga karatu. Sarki ya gani ya ƙyasa, ita kuma ta ƙi yarda ta zama farkarsa, domin ta ga yadda ya yi da 'yar'uwarta Mary ya watsar. Wasiƙun soyayya 17 da ya rubuta mata suna nan ajiye a ɗakin karatu na fadar Paparoma.

Mai karatu zai iya cewa ai wannan labarin kishiya ne irin wanda muka saba gani a finafinanmu. Akwai bambanci babba. A addinin Henry babu kishiya, kuma babu saki. Hanya ɗaya ce ta rage masa, wato Paparoma ya ce auren farko tun asali ɓatacce ne. Paparoma Clement na Bakwai kuwa hannunsa a ɗaure yake, domin a 1527 sojojin Sarki Charles na Biyar suka mamaye birnin Rum, shi kuma Charles ɗan 'yar'uwar Catherine ne. Aka yi shekara shida ana jan magana. Da Henry ya gaji sai ya ɗaura aure da Anne a ɓoye a Janairun 1533, Akbishop Thomas Cranmer ya warware auren Catherine a watan Mayu, aka naɗa Anne sarauniya ran 1 ga Yuni. A 1534 majalisa ta yi doka cewa sarki ne shugaban cocin Ingila, ba Paparoma ba. Waɗanda suka ƙi amincewa, irin su Thomas More da Bishop John Fisher, an sare musu kai a 1535.

Ka ga ke nan an juya ƙasa guda saboda ɗa namiji. Ran 7 ga Satumba 1533 Anne ta haihu, sai ga mace. Aka sa mata suna Elizabeth.

Watanni huɗu

Daga nan littafin Weir ya ɗauka. Ran 7 ga Janairu 1536 Catherine ta rasu. A ido kamar Anne ta huta, amma a gaskiya garkuwarta ce ta faɗi, domin muddin Catherine na da rai, idan sarki ya rabu da Anne duniya za ta ce ya koma wa matarsa ta fari. Ran 24 ga wata sarki ya faɗo daga doki a wajen wasan sukuwa da māsu. Ran 29, ranar da ake binne Catherine, Anne ta yi ɓari, kuma aka ce namiji ne. A lokacin idon sarki ya riga ya koma kan Jane Seymour, ɗaya daga cikin matan da ke yi wa Anne hidima, kamar dai yadda ita ma ta yi wa Catherine hidima a da.

Sai kuma rigimarta da Thomas Cromwell, babban sakataren sarki. A lokacin ana rushe gidajen ibada na masu zuhudu ana kwashe dukiyarsu. Cromwell na son dukiyar ta shiga baitulmalin sarki, Anne na son a yi ilimi da taimakon talakawa da ita. Ran 2 ga Afrilu limaminta John Skip ya yi wa'azi a gaban fada, ya kawo labarin Sarauniya Esther da mugun waziri Haman na cikin Baibul (wazirin sarkin Farisa ne, ba Hamana na Fir'auna ba), wanda ƙarshensa rataya. Kowa ya gane inda aka dosa. Ra'ayin Weir shi ne daga nan Cromwell ya ga ko ita ko shi, ya shirya mata tarko, ya kai wa sarki labari, sarki kuma ya yarda domin da ma zuciyarsa ta fita. Babbar hujjarta ita ce rahoton jakadan Charles a Landan, Eustace Chapuys, wanda ya rubuta cewa Cromwell da bakinsa ya gaya masa shi ya ƙulla abin.

Ita ma Anne bakinta ya taimaka musu. A ƙarshen Afrilu ta tsare Henry Norris, na hannun daman sarki, tana tambayarsa me ya hana shi auren da ake ta magana, har ta ce masa ko jira yake sarki ya mutu ya gaje ta. A dokar 1534, ambaton mutuwar sarki da fatar baki ma yana iya zama cin amanar ƙasa. Magana zarar bunu, kafin gari ya waye ta zagaye fada.

Daga nan gudun abin sai ya ba ka tsoro. Ran 30 ga Afrilu aka kama makaɗin fada Mark Smeaton, ya amsa cewa ya kwana da sarauniya. Ran 2 ga Mayu aka kama Anne a fadar Greenwich aka kai ta Hasumiyar Landan ta cikin kogi. Aka haɗa da Norris, da Francis Weston, da William Brereton, da ɗan'uwanta George. Ran 12 aka yanke wa huɗu hukunci. Ran 15 aka gurfanar da ita da George a gaban manyan hakiman ƙasa, kawunta Duke na Norfolk ne shugaban zaman, kuma a cikin masu hukuncin har da Henry Percy, tsohon saurayinta. Duk suka ce ta yi laifi. Ran 17 aka kashe mazan biyar. Ran 19 aka sare mata kai. Washegari aka sa ranar sarki da Jane Seymour, ran 30 aka ɗaura aure.

Inda labarin ya ƙi zama

Amfanin bin kwanaki ɗaya bayan ɗaya shi ne ɗinkin yana fitowa fili. Takardar tuhuma ta zayyana ranaku da wuraren da aka ce an yi lalatar. Masanin tarihi Eric Ives, wanda littafinsa na 2004 a kan Anne shi ne madogarar malaman jami'a, ya duba su ya ga a mafi yawansu ko ita ko namijin ba ya wurin da aka ambata. Misali, an ce ta sadu da Norris a Westminster a Oktoban 1533, alhali tana Greenwich tana jego, wata ɗaya da haihuwa. A cikin maza biyar ɗin Smeaton kaɗai ya amsa laifi, kuma shi kaɗai ne talaka a cikinsu. Weir ta yi lissafin tafiya zuwa Calais da dawowa, inda aka ɗauko haunin da ya ƙware da takobi, ta ce dole an aika a kira shi tun kafin a zauna shari'a. Sannan ran 17 ga Mayu Cranmer ya yanke cewa auren Henry da Anne ma tun farko babu shi. To jama'a, idan ba matarsa ba ce, amanar wane aure ta ci?

Kafin ta mutu ta rantse a kan abin da ya fi komai tsarki a addininta cewa ba ta aikata ba. Ga mutumin wancan zamani da ya san gobe zai gamu da Mahaliccinsa, wannan ba rantsuwar wasa ba ce. A kan dandamalin kisa ba ta zagi kowa ba, har yabon sarki ta yi, kamar yadda al'ada ta tanada, ga kuma 'yar shekara biyu da wata takwas da za ta bari a hannunsa. Ko akwatin gawa ba a tanadar mata ba, a cikin wani akwatin kayan baka da kibiya aka sa ta aka binne a cocin da ke cikin Hasumiyar.

Wa ya ba mu labarin?

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wannan: kusan duk abin da muka sani game da halin Anne daga bakin wani ya fito, kuma kowa da buƙatarsa. Bayanan shaidu na shari'ar ba su iso gare mu ba. Chapuys, wanda aka fi dogara da shi, maƙiyinta ne, ko sunanta ba ya son kira, farkar sarki yake ce mata. Maganganunta na cikin kurkuku daga wasiƙun mai tsaronta William Kingston suka fito, wanda ke aika wa Cromwell, su ma gobara ta ci wani ɓangarensu a 1731. Labarin nan da ya bazu cewa tana da yatsa shida da ƙari a wuya, daga littafin wani limamin Katolika ne, Nicholas Sander, da aka buga a 1585, mutumin da yake ƙaramin yaro lokacin da aka kashe ta, kuma burinsa ya ɓata 'yarta Elizabeth. A ɗaya gefen John Foxe na Furotesta ya mayar da ita kamar waliyyiya. Daga baya marubuciya Philippa Gregory ta yi ƙagaggen labarinta a 2001, wanda shi ne aka mayar fim ɗin da ya sa na tsane ta. Shi ma fim ɗin 1969 da ya wanke ta bai tsira ba, domin fitowar da ta fi ratsa jiki a cikinsa, inda sarki ya same ta a kurkuku suka yi musayar magana, ba ta taɓa faruwa ba. Tun da ya bar filin wasa ran 1 ga Mayu bai ƙara sa ta a ido ba.

Littafin Weir yana da nasa rauni. Tana gargaɗin mai karatu a kan Chapuys, amma kuma a kan maganarsa ta gina babban ginshiƙinta. Kuma ni dai na ga ta sassauta wa Henry. Mutumin da ya kori Paparoma saboda aure, da wuya a ce sakatarensa ne ya ja shi da hanci ya kashe matarsa. Akwai ma masanin da bai yarda an yi mata ƙazafi ba, G. W. Bernard, wanda a littafinsa na 2010 ya ce mai yiwuwa ta aikata wani abu daga ciki. Na bi hujjojin ban gamsu ba.

Wannan ba ya nufin Anne salihar baiwa ce. Tana da zafin rai da kaifin harshe, kuma a zamaninta ne aka sauke 'yar kishiyarta Mary daga matsayin gimbiya aka tura ta zama a gidan jaririya Elizabeth. Sai dai mugun hali daban, laifin da aka kashe ta a kansa daban, kuma finafinai sun fi son su cakuɗa su domin labarin ya yi armashi. Ni kaina sai da na yanke mata hukunci cikin awa biyu, da shaidar darakta kawai.

Jane Seymour ta haifi namijin da ake nema a 1537, ta rasu bayan kwana 12. Cromwell shi ma an sare masa kai a 1540. Yaron, Edward, ya mutu yana ɗan shekara 15. Mary ta yi shekara biyar a kan gado. A 1558 sarauta ta faɗo kan Elizabeth, yarinyar da aka shegantar, ta riƙe Ingila shekara 44 har 1603. Da wuya a ji ta ambaci mahaifiyarta a bainar jama'a, amma ta jawo dangin Boleyn ta ba su muƙamai. Akwai wani zobenta da ya rage har yau, mai buɗewa kamar ƙaramin akwati, a ciki da hotuna biyu: ɗaya nata, ɗaya na wata mata da mafi yawan masana ke ganin Anne ce.