Muƙami da Faɗa a Ji: Tushen Tasirin Mutum a Wurin Aiki

Kowace ma'aikata tana da tsarin iko iri biyu. Na farko a rubuce yake: darakta, mataimakinsa, akawu, har zuwa masinja. Na biyu ba a rubuta shi, amma duk ma'aikacin da ya daɗe ya san shi, domin ya san wanda idan ya sa baki magana ta zauna, da wanda fayil ke kwana a teburinsa. Sau da yawa tsarin biyu ba sa haɗuwa a kan mutum guda.

A 1959 masana halayyar ɗan'adam biyu na Amurka, John French da Bertram Raven, suka kasa tushen iko gida biyar: ikon sakawa da alheri, ikon hukuntawa, ikon da muƙami ya halatta, ikon ƙwarewa, da ikon da ke zuwa daga ƙauna da girmamawar da ake yi wa mutum. A 1965 Raven ya ƙara na shida, wato riƙe bayanai. Uku na farko kujera ce ke bayar da su, kuma ranar da takardar ritaya ko ta canjin wurin aiki ta iso, ranar ake ajiye su. Sauran kuwa suna jikin mutum ne.

Wannan rabo ya faɗi ire-iren iko, amma bai bayyana abin da ke sa ƙaramin ma'aikaci ya gagari shugabansa ba. Amsar tana ga buƙata: gwargwadon yadda aikin wasu ya rataya a kan mutum, kuma ba mai maye gurbinsa, haka nauyin maganarsa yake. Michel Crozier ya nuna hakan a littafinsa na 1963 a kan masana'antun taba na gwamnatin Faransa. Doka ta tsara komai a wurin, har albashi da ƙarin girma, abu ɗaya ne kawai ba a iya sanin lokacinsa, wato lalacewar inji. Makanikai masu gyara sai suka riƙe sirrin gyaran a kawunansu, suna koya wa junansu da baki, takardun bayanin injinan kuma suka riƙa ɓacewa. Da haka suka fi masu kula da sashe ƙarfi, alhali a takarda ba su gaba da su.

Irin wannan tasiri a kan toshewa yake rayuwa. Shi ne na akawun rajista da shi kaɗai ya san inda tsofaffin fayiloli suke, da na sakataren da sai ya ga dama ake ganin maigida. Mai shi yana cin ribar jahilcin da aka bar sauran ma'aikata a ciki, don haka ba ya son a koya, ba ya son a rubuta. Ma'aikatar da ta bar shi ya yi jijiya tana biyan kuɗinsa da jinkiri da cin hanci, kuma talakan da ya zo neman haƙƙinsa shi ke ɗaukar mafi nauyin kayan.

Akwai wani tasirin da tushensa amana ce, kuma kasuwancin Hausawa ya ba da misali mai kyau. Abner Cohen, a littafinsa na 1969 a kan unguwar Sabo ta Ibadan, ya bayyana yadda fatake ke sauke shanunsu a gidan maigida, dillalansa su sayar wa mahauta Yarbawa bashi, shi kuma ya tsaya lamuni. Idan mahauci ya gaza biya, maigida ne zai cike. Ba hukumar da ta naɗa shi, ba kuma takardar yarjejeniya da ke tsakaninsu. Abin da ya ba shi faɗa a ji shi ne sanin wanda ke biya da wanda ba ya biya, da tarihin cika alkawari. A nan ma buƙata ce tushe, sai dai mutane suna komawa gare shi ne domin yana rage musu haɗari. Halayen da A. H. M. Kirk-Greene ya lissafa a nazarinsa na mutumin kirki a wajen Hausawa, irin su gaskiya da amana da haƙuri da mutunci, su ne jarin irin wannan mutum, a kasuwa ko a ofis.

Tarihin aikin gwamnati a Nijeriya ya nuna ƙarfin tasirin mutum da kuma iyakarsa. A zamanin Janar Yakubu Gowon wasu manyan sakatarori, kamar Allison Ayida da Philip Asiodu da Ahmed Joda, sun yi nauyi a tsara manufofin ƙasa fiye da abin da muƙaminsu kaɗai zai bayar, saboda ƙwarewa da kusanci ga shugaban da ba shi da majalisar dokoki. Da mulki ya sauya a 1975, gwamnatin Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata kusan 10,000, Asiodu na cikinsu, Ayida kuwa ya ci gaba da zama sakataren gwamnatin tarayya. Kusanci da shugaba yana iya gushewa dare ɗaya, kuma mai uwa a gindin murhu a ofis, wanda ubangida ya ɗaga, da ubangidan yake faɗuwa.

Abin da ya rage ga shugaban ma'aikata shi ne rarrabe tasirin toshewa da tasirin amana, domin maganinsu ba ɗaya ba ne. Tasirin toshewa ana karya shi da tsari: a rubuta yadda ake kowane aiki, a koyar da mutum fiye da ɗaya, a riƙa juya ma'aikata tsakanin tebura, a sa rajistar fayil a kwamfuta inda kowa zai ga wurin da takarda ta tsaya. Tasirin amana kuwa waɗannan matakai ba sa taɓa shi, kuma shugaban da ya ɗauke shi kishiya, ya tura mai shi wani lungu, yakan rasa mutumin da ma'aikata za su saurara ranar da albashi ya makara ko ƙungiya ta kira yajin aiki.