Dawakin Kudu da Dawakin Tofa: Gardamar Tace Ɗalibai

A tsakiyar shekarun 1970 jihar Kano na fama da ƙarancin likitoci da injiniyoyi 'yan ƙasa, asibitocinta sun dogara ga baƙi. A 1977, zamanin gwamnan soja Kanal Sani Bello, Dokta Ibrahim Ayagi na Kwamishinan Ilimi, aka buɗe makarantun kimiyya na Dawakin Kudu da Dawakin Tofa, aka ba su hukumarsu daban. Da jarrabawa ake shiga. Yaron da ya ci sai ya tarar da ɗakin kwana, da ɗakin gwaje-gwaje mai kwalabe da ma'aunai, da malamin da ya san darasinsa.

Masu suka sun ce an fifita 'yan kaɗan, an bar sauran makarantu da alli kawai. Maganarsu na da ƙamshin gaskiya, domin sauran sun ci gaba da shan wuya. Amma da an raba kuɗin da aka kashe wa makarantun biyu daidai wa daida, da ba makarantar da za ta samu cikakken ɗakin gwaji. Kuma takardar jarrabawa ba ta tambayar ɗan wane ne kai, shi ya sa ɗan manomi ya zauna benci ɗaya da ɗan attajiri, daga baya ya zama likita. Inda sukar ta fi ƙarfi shi ne batun 'ya'ya mata, waɗanda sai bayan shekaru aka buɗe musu tasu a Taura.